Yadda za ki karanta wa'adin abinci, ki kuma adana shi a zafin Makka

'Yar'uwa, kwanan watan da ke jikin robar laban, wato nono mai tsami na sha, yana aiki ne muddin laban ɗin na cikin sanyi. A garin da zafi ke haura digiri 40, awa biyu a bayan mota sun isa su lalata abin da aka rubuta masa saura kwana biyar.

Fara da kalmomi biyu. "Intaj" ranar da aka yi kayan ke nan, "intiha" kuma ranar ƙarewarsa. A wasu kayan harafin P da E za ki gani. Rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Ki lura da lambobin Larabci, don nan baƙi ke tuntuɓe: biyar (٥) kamar sifili take, sifili (٠) ɗigo ne kawai, shida (٦) kuma sak bakwai ta boko. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a baƙala, wato kantin unguwa, ta ɗauki watan 6 a matsayin watan 7, ga shi madarar jariri ce a hannunta.

Sannan ki raba kayan abincin kashi biyu. Madara, laban, kaza, nama, kifi da abincin jarirai, idan ranarsu ta wuce a zubar, ko da ba su yi wari ba. Ƙwayoyin cutar da ke kwantar da yaro ba lallai su canza ƙamshi ko ɗanɗano ba. Shinkafa, taliya da biskit kuwa, yawanci daɗinsu ne ke raguwa. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo, kada ma ki ɗanɗana.

Da zarar kin buɗe abu, ranar jikinsa ta daina yi miki aiki. Ragowar tumatirin gwangwani ki juye a mazubi mai murfi, ki sa a firji.

Firjin, ko tallaja kamar yadda muke cewa a nan, kada ya wuce digiri 4, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Ɗanyen nama a can ƙasa, don kada jininsa ya ɗiga kan dafaffe. Naman layya ki ƙulla shi ƙulli-ƙulli, kowanne daidai girki ɗaya, ki narkar da shi cikin firji, ba kan teburin kicin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shinkafa. A azumi ko bayan walima sai a shigo da faranti guda na kabsa, wato dafaffiyar shinkafa da nama, a rufe, a bar shi har sahur. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, awa ɗaya ma idan zafi ya haura digiri 32. Shinkafar da ta kwana a waje tana iya tara gubar da ɗumame ba ya kashewa, komai tururin da ta yi. Ki rarraba ta a ƙananan mazubai ta huce da wuri, ki sa a firji, a cinye ta washegari.

Saura tsarabar gida da alhazai ke kawo mana: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Babu kwanan wata a jikinsu, don haka ke za ki rubuta ranar da suka iso. Ki zuba su a kwalba mai murfi, nesa da murhu da danshi, musamman ke da ke Jidda inda iskar teku ke sa gari ya yi fumfuna. In tsarabar bana ta zo, ki tura ta baya, ki fara ƙarar da ta bara.