Yadda ake toshe yoyon kwale-kwalen katako

Masu jirgi a Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo sun san yoyo ya fi tasowa bayan hunturu da bazara. Busasshiyar iska da zafin Maris zuwa Mayu, wanda a Sakkwato kan wuce digiri 40, su ke tsotse katako har alluna su rabu da juna.

Fara da gano inda ruwa ke shiga. Ja jirgin tudu, ɗora shi bisa itace biyu, zuba ruwa a ciki kamar tsayin yatsa huɗu, kada ya wuce haka don nauyinsa na iya buɗe gindin. Duk inda ya ɗigo ta ƙasa, yi masa alama da gawayi. Sai ka kwashe ruwan, ka kife jirgin.

Bar shi ya sha iska kwana biyu zuwa uku, a inuwa. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen katako, amma katakon da rana ta gasa shi ma matsala ne, domin tsagar kan buɗe fiye da yadda take a ruwa.

Kankare tsohuwar kwalta da gansakuka, sannan ka soka bakin wuƙa a gefen tsagar. In ta shige ba wuya, katakon ya ruɓe, kuma toshi ba zai yi masa magani ba. Kai wa kafinta ya yanke wurin ya sa sabon madaci.

In katakon lafiya lau ne, murza abawa ko zaren rama ya yi kaurin tsagar, ka riƙa tura shi da cizal mara kaifi da ƙaramar guduma. A nan mafi yawan masu gyara ke ɓata aiki: suna dannawa da ƙarfi, a ganinsu matsewa ce tsaro. Ai katako kumbura yake in ya koma ruwa. In bai sami wurin kumbura ba, sai ya ture ƙusoshi ko ya tsage allon kusa da shi. Tura zaren ya zauna daram, ya nutse kaɗan ƙasa da fuskar katako, ka tsaya nan.

Narka kwalta a tsohon gwangwani kan garwashi, nesa da jirgi da man inji, ka ajiye yashi kusa. In ta kama wuta, yashi za ka zuba, ban da ruwa. Shafa ta da zafinta har ta cike ramin.

Tsagar da ta kai faɗin yatsa tana son faci. Yanko kwanon rufi, shimfiɗa tsumma mai kwalta a ƙarƙashinsa, buga ƙusa duk bayan santimita 3. Nemi ƙusa mara tsatsa, don ta gama-gari kan ruɓar da katakon da ke kewaye da ita.

Washegari mayar da jirgin ruwa mara zurfi, ka ɗaure shi ya kwana. Ɗan tsatsafi a ranar farko ba komai ba ne. In har bayan kwana biyu ana kwasar ruwa, kada ka ɗauki kowa, sake fito da shi tudu.