Laulayi ya kayar da ke? Ga yadda za ki nemi a bar ki ki yi aiki daga gida

Ba laulayin kwaɗayin tsami da ɗan tofar da yawu nake nufi ba fa, wanda ko ruwa kika kurɓa sai ya dawo nake nufi, wanda likitoci ke kira hyperemesis gravidarum. Yakan fara ne wajen sati na 6, ya yi tsanani tsakanin sati na 9 zuwa na 13, da yawa sukan samu sauƙi kafin sati na 20, amma akwai wacce sai ta haihu take rabuwa da shi. Ni a cikina na biyu na gamu da shi, ina zaune a Samaru a Zariya, ofis ɗinmu kuma yana wajen PZ, da na shiga bas warin fetur ya bugi hancina shikenan, kafin mu kai Kwangila na cika leda, in isa ofis kuma in tarar masinja ya fesa turaren ɗaki, sai bayi.

Kuskuren da na yi, kuma na san da yawanmu muna yinsa, shi ne kunya. Ai mu ba ma faɗin ƙaramin ciki, sai na dinga cewa oga maleriya ce, gobe in ce olsa, jibi taifod, har aka gaji aka miƙo min kwiri, wato takardar tuhuma. To 'yar uwa kar ki bari ta kai ki nan. Ba sai duk ofis sun sani ba, mutum ɗaya ko biyu ya isa, ogan da ke kanki da mai kula da ma'aikata, ki kuma roƙe su maganar ta tsaya a nan. In ogan namiji ne kina jin nauyinsa, nemi wata babbar mace a ofis, ki ce mata Anti ga halin da nake ciki, ta raka ki ko ta fara share miki hanya.

Amma kafin ki buɗe baki je ki asibiti tukuna. Ko asibitin koyarwa na Shika ne, ko Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko inda kike awo, ki ce wa likita kina son takarda ta wurin aiki. Kar ki karɓi wacce aka rubuta "ba ta da lafiya" kawai. A sa sunan ciwon, a sa cewa zirga-zirgar mota da wari suna tayar da shi, a sa sati nawa likita yake ganin kina bukata, da hatimi da sa hannu. In an taɓa kwantar da ke an yi miki ƙarin ruwa a rubuta, in kin rame ma a rubuta kilo nawa kika sauke. Ki yi fotokofi, asalin ki riƙe abinki.

Ki sani dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, hutun haihuwa ta yi magana a kai, sati 6 kafin haihuwa da sati 6 bayanta, ba ta ce komai kan aiki daga gida ba. Kenan ba da tada jijiyar wuya za ki shiga ba, sulhu za ki nema. In ke ma'aikaciyar jihar Kaduna ce kina da ɗan abin kafa hujja, a Disambar 2021 gwamnatin jihar ta kawo tsarin kwana huɗu a ofis, Juma'a a yi daga gida, don haka abin ba baƙo ba ne. Kuma in wani ya ce ki ciro daga hutun haihuwarki ki huta yanzu, ki yi tunani sosai, ranar da jariri ya zo za ki nemi kwanakin nan ido rufe.

Sai rubutun. A rubuce fa, ba a baki a bakin ƙofa ba, don maganar baki gobe sai a ce ba a yi ba. Abin da oga ke tsoro shi ne aiki ya tsaya, to ki amsa masa wannan tun kafin ya tambaya. Kamar haka: "Ranka ya daɗe, bisa shawarar likita ina roƙon a ba ni dama in yi aiki daga gida na sati 4. Rahoton wata da amsa imel da shigar da bayanai duk zan ci gaba da yi, za a same ni a waya da WhatsApp daga 11 na safe zuwa 4 na yamma, ranar Laraba kuma zan shigo don fayilolin da ke bukatar sa hannu. Bayan sati 4 sai a sake dubawa." Kin ga an sa wa abin iyaka, ya fi sauƙin amincewa a kan ki ce sai na warke. Awannin kuma ki zaɓi lokacin da kin san cikin yana ɗan lafa miki, ni dai safiya ba ta taɓa yi min ba. Kar ki yi alkawarin abin da ba za ki iya ba don a ji tausayinki.

In aikinki na tsayuwa ne, koyarwa ko sallamar kwastoma a kan kanta ko jinya, daga gida ba zai yiwu duka ba. Sai ki nemi a rage miki awanni, a mayar da ajinki rana, a matsar da teburinki kusa da taga, ko ki yi musanya da abokiyar aiki, ke ki karɓi makin takardun ɗalibai da haɗa sakamako.

In an amince, ki tabbatar akwai data da fawa bank ko ɗan sola, kin dai san halin wuta, kwana biyu a kira ki waya a kashe sai a ce dama hutu kike nema. Sannan ki zauna da maigida ya yi wa mutanen gida bayani da bakinsa, don da an gan ki a ɗaki za a fara, tunda kina nan ɗan ɗora mana tukunya, maƙwabciya ta kawo miki ajiyar yaro, alhali ƙaurin albasa kaɗai ya isa ya kwantar da ke wuni guda.

Ranar da kuwa kika wuni kika kwana ruwa bai zauna ba, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko kika ga jini a aman, rufe laftof ɗin nan ki tura wa oga saƙo layi ɗaya, a kai ki asibiti.