Darasi na Bakwai: Zaɓen Baka Daidai Ƙarfinka

Idan maharba suka haɗu, a Alkaleri ne ko Ningi ko Toro, aka fito da sabon baka, tambayar farko ita ce: "Yana da tauri?" Sai kowa ya karɓa ya ja. Wanda ya ja har kunne a ce namiji ne. Wanda ya kasa a yi masa dariya. Da haka mutane da yawa suke sayen bakan da ya fi ƙarfinsu, su je dawa su raunata dabba, su dawo da ciwon kafaɗa.

A wannan darasi za mu koyi auna ƙarfin baka da lamba, kamar yadda ake auna hatsi, sannan mu san wane ne ya dace da farautar gada da mazo.

Mene ne nauyin ja?

Nauyin ja shi ne ƙarfin da hannunka yake sawa kafin tsirkiya ta iso inda kake tsayar da ita, wato gefen baki ko kumatu. Ana auna shi da kilo ko da laba. Laba 1 ta ɗan gaza rabin kilo. Ku rubuta waɗannan a littafinku, za mu yi ta komawa gare su:

Laba 25 kilo 11 ne da ɗan ɗori. Laba 35 kusan kilo 16 ne. Laba 40 kilo 18 ne. Laba 50 kusan kilo 23 ne. Laba 60 kilo 27 ne.

Baka ba shi da nauyi ɗaya tak. Gwargwadon yadda ka ja shi, gwargwadon taurinsa. Shi ya sa bakan da aka ƙera a ƙasar waje yake zuwa da lamba biyu a jikinsa, kamar 45 da 28. Ta farko laba ce, ta biyu inci. Ma'anarsa, sai an ja tsirkiyar inci 28, wato santimita 71, sannan ƙarfin ya kai laba 45. Duk inci 1 da ka rage, laba 2 zuwa 3 ta tafi. Gajeren mutum da yake ja inci 26 a wannan baka, abin da yake samu wajen laba 40 ne. Dogo kuwa zai iya wuce abin da aka rubuta. Don haka bakan wanka ba lallai ya zama naka ba, ko da uwa ɗaya ta haife ku.

Ka fara sanin tsawon janka. Tsaya ka miƙe hannuwa biyu gefe da gefe, wani ya auna da tef ɗin tela daga kan ɗan yatsan tsakiya zuwa ɗayan. Raba abin da aka samu da 2.5. Idan an samu santimita 170, janka kusan santimita 68 ne.

Awo da jarka

Bakan da ake sassaƙawa a garuruwanmu ba shi da lamba. Amma ba sai an je birni neman na'ura ba. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Da wannan sani kaɗai za ka auna kowane baka a gida.

Nemi jarka mai lita 25, da robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi, da igiya mai ƙarfi, da kara miƙaƙƙe. Sa alama a jikin karan daidai tsawon janka. Rataye bakan a kwance a kan reshe mai gwafa ko turke mai ƙwari, daidai wurin da hannu yake riƙewa, tsirkiya tana kallon ƙasa. Wurin ya yi tsayi yadda jarka ba za ta taɓa ƙasa ba. Ɗaure igiyar a hannun jarka, ɗaya bakin kuma shi za a sarƙafa a tsakiyar tsirkiya.

Kada ka rataya jarkar tukuna. Zuba roba 6, kilo 9 ke nan. Ɗaga jarkar da hannu biyu, ka sarƙafa, ka sake ta a hankali har tsirkiya ta ɗauki nauyin. Abokinka ya tsayar da karan daga bayan baka zuwa tsirkiya ya duba. Idan ba ta kai alama ba, ɗaga jarkar ka sauke, ƙara roba 1, sake gwadawa. Kada a bar ruwa a rataye ana hira. Icce idan ya daɗe a tanƙware yakan saba da tanƙwarar, ƙarfinsa ya ragu. Ƙidaya uku ko huɗu sun isa a duba alama.

Idan tsirkiya ta kai alama, ƙidaya robobin. Mu ce 12 ne. 12 sau ɗaya da rabi ya zama 18. Jarka ba komai a ciki tana da kusan kilo 1, sai ka ƙara. Bakanka kilo 19 ne, wajen laba 42. Mai sikeli mai ƙugiya, irin na masu sayen ƙarafa ko na mahauta, zai iya sarƙafa shi a tsirkiya ya ja ƙasa ya karanta lambar kai tsaye.

Abu biyu a kiyaye. Kada kowa ya sa fuska kusa da bakan lokacin awo, kuma a kori yara. Sannan kada ka ja gajeren baka fiye da inda aka saba jansa. Masu sassaƙa sun san bakan icce yana son tsawonsa ya wuce ninki biyu na tsawon ja. Mai jan santimita 68 yana bukatar bakan da ya haura santimita 136. Idan naka bai kai ba, tsaya inda mai sassaƙa ya ce, in ba haka ba ya karye a hannunka.

Mafi ƙarancin abin da ake so

Wani dattijo a aji irin wannan ya taɓa tambaya: "Malam, bakan ubana yaro ma yana ja, amma har gwanki ya kayar da shi. To ina amfanin wannan lissafi?"

Malamin ya ce: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Kibiyar tana da dafi?"

"Tana da shi mana. Na kwankwani."

"To, Baba, dafin ne ya kayar da gwankin. Bakan kai saƙo kawai ya yi."

Gaskiyar ke nan. Kibiyar gargajiya kyauro ce mara nauyi, da ɗan ƙarfe mai kunne. Ko kaɗan ta shiga, dafin ya bi jini ya tsayar da zuciya. Mu a wannan littafi ba ma goyon bayan dafi. Kwari mai dafi haɗari ne a gidan da yara suke, kuma ƙwarzane ɗaya ya isa. Ga musulmi kuma akwai maganar halacci. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna abin da makami ya huda da tsininsa ana ci, abin da ya buga da gefensa ya mutu ba a ci. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa idan dafi ya yi tarayya a kisan, ba a tabbatar kaifi ne ya kashe ba, ba a ci, sai in an riski dabbar da rai an yanka.

Idan babu dafi, aikin duka ya koma kan baka da kibiya. Dole kibiyar ta fasa fata, ta bi tsakanin haƙarƙari ko ta karya ɗaya, ta huda huhu. Dabbar da aka huda wa huhu biyu ba ta nisa. Wadda kibiya ta tsaya mata a tsoka kuwa za ta gudu da ita kwana da kwanaki, ciwon ya ruɓe, ta mutu inda ba wanda zai amfana. Wannan zalunci ne, kuma rashin ƙarfin baka yana cikin abin da yake jawo shi.

A Amurka, inda mutane masu ɗimbin yawa suke farautar barewarsu da baka kowace shekara, jihohi da dama sun sa doka kan mafi ƙarancin nauyin ja. Jihar Fensilbaniya ta ce laba 35. Wasu sun ce 30, wasu 40. Barewar tasu babba ce, namijinta yakan wuce kilo 70. Gadar dajinmu kilo 12 ce zuwa 25. Namijin mazo yakan haura kilo 40. Saboda haka shawararmu ita ce: laba 35 ta isa gada. Ga mazo a nemi laba 40 zuwa 45, wato kilo 18 zuwa 20. Wanda ya iya laba 50 cikin sauƙi, madalla, amma waɗannan dabbobi ba sa bukatar fiye da haka.

Inda ƙarfinka ya tsaya

Nan ne aka fi kuskure. A kasuwa, da rana tsaka, jiki da ɗumi, mutane na kallo, kowa yana iya jan baka mai tauri sau ɗaya. A dawa ba haka abin yake ba. Asuba ce ta hunturu, ka daɗe a tsugune bayan sabara, ƙafa ta yi tsami, yatsu sun ƙandare. Mazo ya fito, yana kiwo yana ɗaga kai. Dole ka ja a hankali ba tare da motsi mai yawa ba. Ka gama ja sai ya shige bayan kututture, ka tsaya a haka kana jira. Bakan da ka ja da ƙyar jiya a kasuwa, yau hannu rawa zai kama, kibiya ta tafi ciki ko cinya.

Gwada kanka kafin ka biya kuɗi. Zauna a kan kujera ko turmi a kife. Ɗana kibiya, ka nufi wurin da ba kowa. Ja kai tsaye zuwa gefen baki, ba tare da ɗaga bakan sama ba, ba tare da karkata baya ko ɗaga kafaɗa ba. Riƙe ka ƙidaya goma. Mayar da tsirkiyar a hankali. Yi haka sau biyar. Idan kan kibiyar yana yawo, ko ka ji kana riƙe numfashi kana cije baki, bakan ya fi ƙarfinka. Rage laba 5 ka sake. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Bayan haka sai gwajin harbi. Cusa tsumma da ledoji a buhu ya yi tam, ka jingina shi da tudu ko bangon ƙasa. Zana da'ira kamar faɗin murfin kwano, santimita 20. Tsaya mita 15 ka harba kibiya 20. Kada ka dubi biyar na farko, dubi biyar na ƙarshe. Idan sun warwatse alhali na farko sun taru, gajiya ce, kuma bakan ne ya kawo ta. Nisan da kibanka suke taruwa a cikin da'irar, nan ne iyakarka a dawa. Ga yawancin masu bakan icce bai wuce mita 15 zuwa 20 ba. Wurin harbin gada kuwa bai fi tafin hannu ba, sai an matsa kusa.

Sabon shiga kada ya fara da bakan farauta sam. Ya fara da laba 20 zuwa 25, ya koyi tsayuwa da ja da tsokar baya maimakon damtse, sannan ya riƙa ƙara laba 5 bayan wasu watanni. Idan kafaɗa ta fara suka, ba gajiyar tsoka ba, a ajiye baka a je asibiti. Jijiyar kafaɗa idan ta yage tana daɗewa ba ta warke ba, kuma da kafaɗar nan ake riƙe fartanya.

Akwai kuma baka mai wili a kowane kai, wanda wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya samu takardar mallakar ƙirarsa a 1969. Shi yana da tauri a tsakiyar ja, amma idan ka kai ƙarshe sai ya saki, abin da kake riƙewa ya ragu da kashi 65 zuwa 85 cikin 100. Mai laba 50 kana iya riƙe shi da kamar laba 8 zuwa 17. Ana kuma juya kusoshinsa a rage ko a ƙara ƙarfi. Yana da tsada, gyaransa yana da wuya a nan, kuma duk da haka sai ka wuce tsakiyar nan mai tauri da ƙarfinka. Gwajin kujera ya hau kansa shi ma.

Kibiya

Baka mai laba 40 da kibiya mai nauyi da kaifi ya fi mai laba 60 da dakusasshiyar kibiya. Ga bakan icce mai laba 45, kibiya ta kai wajen giram 25 zuwa 30. Siririn kyauron da aka yi domin dafi ba zai jure ba, yana iya tsagewa ya soki hannun da ke riƙe da baka. Ka sa maƙeri ya yi maka kai mai faɗi, mai baki biyu, ka wasa shi har ya aske gashin hannu. Kada ka taɓa sakin tsirkiya ba kibiya, domin ƙarfin komawa yake jikin baka ya fasa shi. Idan ka dawo gida, kwance tsirkiyar bakan icce, ka ajiye shi a inuwa.

Inda ba a harbi

Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 a ƙasar Alkaleri, ba a farauta a cikinta. Haka Sumu da Lame-Burra. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi: wasu an hana kashe su, wasu sai da lasisi. Kafin ka fita, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambaya, ka kuma sanar da sarkin baka. Barewar dajinmu ta yi ƙaranci ƙwarai, har an sa ta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ra'ayinmu a bar ta ta hayayyafa. Mace mai ciki ko mai ɗa, kowace iri ce, a ƙyale ta.

Aikin wannan mako

1. Auna faɗin hannuwanka, ka raba da 2.5, ka rubuta tsawon janka.
2. An zuba roba 10 masu lita ɗaya da rabi, tsirkiya ta kai alama. Idan jarka kilo 1 ce, kilo nawa ne nauyin jan bakan? Ya isa gada? Ya isa mazo?
3. An rubuta 50 da 28 a jikin baka. Mai shi yana jan inci 26. Wajen laba nawa yake samu?
4. Masu baka a gida su zo da shi ranar aji mai zuwa, ba kwari, ba kibiya. Mutum biyu su kawo jarka da igiya, za mu yi awon tare a gindin bishiyar makaranta.