Yadda na warware ruɗanin kakanni biyu masu suna ɗaya

Wata shida ina ƙoƙarin rubuta salsalar gidanmu a Maradi, amma lissafin ya ƙi fita. An ce kakanmu na farko ya baro Katsina bayan jihadi tare da jama'ar Ɗan Kasawa, sarkin Katsinawan da suka zauna a Maradi wajen 1819, kuma an ce shi ne ya kwashe iyali zuwa tudu lokacin ambaliyar gulbi ta 1945. Mutum ɗaya ba zai ga zamani biyun nan ba.

Na nemi tsofaffin takardun haraji, na kuma je Tibiri, garin da ke kusa da Maradi, duk ban samu komai ba.

Abin da ya yi aiki shi ne sauya tambaya. Na zauna da gwaggona ita kaɗai bayan la'asar, na kunna rikodin waya, na daina tambayar shekara, na ce: "Gwaggo, zamanin wane sarki ne, kuma da wane laƙabi matan gida suke kiransa?" Nan ta bayyana cewa su biyu ne, kaka da jikan da ya ci sunansa, alkunya ce ta sa kowa yake cewa "Malam" kawai.

Daga nan ta ciro tsohon Alƙur'ani daga gafaka, a bangonsa akwai haihuwar ƴaƴa da ajami. Na ninka kowace shekarar Hijira da 0.97, na ƙara 622. Na gwada da 1364, ta ba ni 1945 daidai. Sai zuriya biyar suka jeru.

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Gwaggo da alheri.