Idan fankar sama ta rage gudu

Fankar da ke juyawa a sanyaye, ko wadda sai an tura fiffikenta da sanda kafin ta tashi, galibi kafasitarta ce ta gaji, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji tana taimaka wa injin ya tashi ya yi gudu. Amma kafin a hau tsani, a auna wutar gidan da mitar hannu ta gwada ƙarfin wuta. Idan ta faɗi ƙasa da bolt 180 maimakon 220 zuwa 230, fanka ba ta da laifi, wutar ce ba ta cika ba.

In ta cika, a kashe wuta daga akwatin fis. Kada a dogara da makunnin bango, domin wasu masu wayarin kan ɗora shi a kan wayar da ba ta da wuta, sai fanka ta tsaya alhali wuta na jikinta. A tabbatar da testa.

Kafasitar na saman injin, ƙarƙashin murfi. A ɗauki hoton yadda wayoyinta biyu suke haɗe, a cire su, sannan a haɗa bakunansu da sukudireba mai hannun roba don cajin da ta riƙe ya fita. A karanta lambar jikinta, yawanci 2.5µF ce (µF ma'aunin girman kafasita ne) mai bolt 440 ko 450, a sayo irinta sak. Saka mai 4µF don neman ƙarin iska ɓarna ce: koyil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, zai yi zafi ya ƙone.

Idan an canza kuma tana gurnani, a juya fiffike da hannu. In ya yi tauri, ƙurar hunturu ta cinye boris, wato ƙarfen da injin ke juyawa a kansa, sai a sauya boris ɗin.