Matakan Shirya Tafiyar Zamiyar Ƙanƙara da Iyali a Farkon Hunturu

Tun da na kai yara tsaunukan Alps na Turai don zamiyar ƙanƙara, wato wasan sulɓi a kan dusar ƙanƙara, ake ta tambayata yadda ake shirya wannan tafiya tun da wuri. Ga yadda nake yi.

1. Tsayar da rana a farkon Disamba, kafin hutun Kirsimeti ya sa komai tsada.

2. Zaɓi gari mai tudu sosai. Val Thorens, garin zamiya a Faransa, na kan tudun mita 2,300, kuma takan buɗe tun ƙarshen Nuwamba.

Hattara, a nan ake tafka kuskure. Ƙauyukan gindin dutse sun fi araha, amma kana iya isa ka tarar da ciyawa. Mun taɓa yin kwana uku yara na leƙen taga, jiki a sanyaye, ko ɗigon ƙanƙara bai sauka ba.

3. Kama masaukin da ke mayar da kuɗi in ka fasa.

4. Sayi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Tabbatar ta haɗa da raunin zamiya.

5. Nemi bizar Schengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai da dama, har da Faransa. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiyar.

6. Yanki tikitin jirgi zuwa birnin Geneva ko Lyon, daga can ake ƙarasawa Val Thorens.

7. Yi wa yara rajistar darasin koyon zamiya na safe tun yanzu.

8. Sayi safar hannu mai kauri. Takalma da hular kwano kuwa, a can ake hayarsu.