Kurakuran da ake yi wajen zaɓen bindigar farauta marar nauyi

Na gaji da ganin sababbin maharba suna faɗawa ramin da ni ma na taɓa faɗawa. Mutum ya daɗe yana tara kuɗi, ya nufi bindiga mai tsada wadda aka ƙera don hawan duwatsu, amma tambayarsa ɗaya ce tak: kilo nawa ce? Da an ce masa ba ta kai kilo 2.5 ba, shi ke nan, sai ya miƙa kuɗi. Akwai irinsu kam, kuma aiki ne na ƙwarai. Kimber Mountain Ascent da Weatherby Mark V Backcountry Ti duk suna wajen kilo 2.2, kuma tun 1985 Melvin Forbes ya fara ƙera irin waɗannan a Amurka. Sai dai duk abin da aka rage wa bindiga na nauyi, kafaɗarka ce za ta biya shi.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne haɗa bindiga sakayau da harsashi mai ƙarfin gaske. Lissafin ba shi da wuya. Idan harsashi iri ɗaya ne, ƙarfin shurin da bindiga take yi wa kafaɗa yana ƙaruwa daidai gwargwadon yadda nauyinta ya ragu. Ka sauko daga kilo 4 zuwa kilo 2.5, shurin ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Ka raba nauyin biyu, shurin ya ninka. Babu sunan kamfani ko yawan kuɗin da zai canja wannan.

Ni bindiga mai cin .300 Winchester Magnum, harsashi mai ƙarfin gaske, na saya, wadda yaro ma zai ɗaga da hannu ɗaya. Ranar farko a filin gwaji na dawo da kafaɗa ta yi baƙi, na ce zan saba. Ban saba ba. Abin da jikina ya koya shi ne tsoro: kafin kunama ta saki, idona ya rufe, kafaɗata ta tura gaba, kuma ban san ina yi ba. Ranar da na gane, barewa ce ta biya. Tana tsaye a sarari, tazarar ba ta wuce mita 150 ba, na auna bayan kafaɗarta, harsashi ya same ta a ciki. Na bi jini a kan ciyawa har duhu ya rufe, washegari na koma da asuba, ban same ta ba. Dabba ta tafi ta mutu cikin azaba saboda girman kaina. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku da kuke cewa namiji ba ya tsoron shuri, ku daina yaudarar kanku. Ga yadda nake kama mutum. Ka ba abokinka bindigar ya ɗura maka ba tare da ka gani ba, wani lokaci harsashin gaske, wani lokaci na gwaji marar albarushi. Idan kunama ta ce ƙas a kan marar albarushin, bakin bindiga kuma ya sunkuya, to ciwon ya kama ka. Ni sai da na sayar da waccan, na yi watanni ina harba ƙaramar .22 kafin hannuna ya dawo. Yanzu a bindiga marar nauyi ba na wuce harsashin .308 Winchester, ko 7mm-08 Remington, ko 6.5 Creedmoor. Wasu za su ce sun yi kaɗan ga manyan namun daji. To, mai neman magnum ya yarda ya ɗauki nauyinta, kada ya ce zai ci biyu.

Kuskure na biyu shi ne madubin saiti. Nauyin da aka rubuta a takarda na bindiga ce tsirara, babu madubi, babu zobban da ke riƙe shi, babu maratayi, babu harsashi. Sai ka ga mutum ya kashe dukiya don ya rage rabin kilo, sannan ya ɗora mata madubin da ya kusa kilo guda. Kuɗin ya tafi a banza, nauyin kuma ya koma sama, bindiga tana rinjaya gefe a hannu. Ni ba na auna bindiga sai ta shirya tsaf kamar yadda za ta shiga daji. Kuma ka duba tazarar ido da madubi. Bindiga marar nauyi da sauri take dawowa baya, musamman in kana harbi sama a kan gangare, inda goshi ke matsowa kusa. Na ga girar da bakin madubi ya tsaga, jini ya rufe wa mai ita ido. Ƙasa da santimita 9 ba na karɓa.

Sai maganar bututu. Siririn bututu nan da nan yake zafi, bayan harbi uku sau da yawa sai harsasai su fara watsewa. Wannan ba lalacewa ba ce, don harbi ɗaya ko biyu aka yi ta. Ka gwada ta da uku-uku, ka bar ta ta huce, kuma ka fi kula da inda na farko yake sauka daga bututu mai sanyi, don shi ne wanda za ka harba a daji. Bututun da aka naɗe da zaren kabon ya fi na ƙarfe mai kauri irinsa rashin nauyi, amma ba lalle ne ya fi siririn na ƙarfe ba, saboda haka kada kalmar kabon ta ruɗe ka.

Abin rage shuri da ake ɗaura wa a baki yana aiki, amma ƙararsa tana cin kunne, naka da na wanda ke tsaye kusa da kai. Kada ka harba shi sau ɗaya ma babu toshin kunne. Gajeren bututu a kan magnum ɓarnar albarushi ce, wuta da ƙara za ka samu, gudun harsashi ya ragu. Makullin bindiga, wato abin da ake ja a ɗura harsashi, in da taitaniyom aka yi shi, wani lokaci ba ya sulɓi kamar na ƙarfe, ka ja shi da hannunka kafin ka biya. Kusoshin da ke haɗa ƙarfen da jikin bindiga kuwa, ka ɗaure su da ma'auni daidai yadda maƙeranta suka rubuta.

Akwai abin da kusan ba wanda yake gwadawa. Bindiga marar nauyi ba ta tsayawa cak a hannu, numfashinka da bugun zuciyarka duk suna bayyana a madubi. A kan teburin gwaji ba za ka ga haka ba. Ni nakan sa rigar da zan sa a daji, in goya jaka, in hau tudu da sauri har in fara haki, sannan in durƙusa in auna. In na rufe ido na ɗaga ta zuwa kafaɗa, na buɗe ban ga madubi daidai idona ba, gindinta bai dace da jikina ba ke nan, sai in mayar wa mai ita.